Manhajar da Ba Ta San Gandu Ba

Har yau idan aka tayar da zancen manhajar rabon takin nan, sai ka ji wani ya gyara murya ya ce ai rashin sabis ne ya kashe ta. Ƙarya yake yi. Wani kuma ya ce manoma ne ba su iya karanta saƙon waya ba. Wannan kam in ya faɗa a gabana sai mun kwashi 'yan kallo. Ina cikin ɗakin da aka rubuta ta, rabinta ma da yatsuna aka buga, kuma na san abin da ya kashe ta. Ba wanda ya yarda a zauna a yi tambaya kafin a fara gini.

Sunana Suwaibatu, ɗiyar Malam Maharazu na Pauwa. Na karanta ilimin kwamfuta, na dawo gida a shekarun nan da ɗanyen mai ya yi tsada a duniya, kuɗi na ta kwarara, kowace hukuma na neman abin da za ta liƙa wa na'ura don a ce ta waye. A lokacin ne Alhaji Abdulƙarim ya ɗauke ni aiki. Shi asalinshi kwangilar kwalbati da fentin ajujuwa yake yi. Aka wayi gari ya kama ofis a Ƙanƙara, ya sayo kwamfutoci da janareto, shi ke nan ya zama mai kamfanin manhaja. Wata hukuma da ba zan kira sunanta ba ta ba shi aikin raba takin zamani mai rangwame ga manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A baki abin daɗin ji gare shi: a rubuta manomi a kwamfuta, in taki ya iso a tura mashi saƙo ta waya, ya je sito ya nuna saƙon ya ɗauki nashi, ba ɗan siyasa a tsakani.

Mu biyu ne masu rubutun, ni da wani Harisu, yaron kirki mai saurin hannu, wanda bai taɓa cewa a'a ba tunda uwarshi ta haife shi.

Ranar da muka fara aiki Alhaji ya kira mu ofishinshi ya warware mana wani ƙaton ƙyalle a ƙasa. Ga hoton Babban Baƙo, wanda zai ƙaddamar da aikin, ga hoton buhun taki, ga ranar ƙaddamarwa an buga da jan fenti. Ko layi ɗaya ba mu rubuta ba, amma an riga an ɗinka riguna da huluna na ranar buki.

Na ce, "Alhaji, alfarma nake nema. Ka ba ni wata guda kafin mu taɓa kwamfuta."

"Wata guda na mi?"

"In zagaya ƙauyuka. In zauna da manoma da masu sito, in ji wa ke da waya wa ba shi da ita, ina sabis ke kaiwa ina ba ya kaiwa, yadda ake riƙe gona. Mu zana abin a takarda, mu gwada a ƙauye ɗaya, in ya yi sai mu faɗaɗa."

Ya yi dariya har yana buga tebur. "Ke ba 'yar ƙauye ba ce? Mi za ki tambaya wanda ba ki sani ba? Ni kwangilar manhaja aka ba ni, ba yawon buɗe ido ba. Babban Baƙo ya riga ya ba da rana, kuma zai tahi Umra bayanta."

"Alhaji, tun ranar gini ranar zane."

"To ki zana kina ginawa. Ku je ku fara."

Harisu ya zaro wani tsohon aiki da ya taɓa yi wa wata ƙungiyar adashin ma'aikata a birni, ya ce a kanshi za mu ɗora, don ya fi sauri. Tsarin shi ne waya ɗaya, mutum ɗaya, gona ɗaya, buhu biyu. Ina gani na dafe kai. Na ce Harisu, a wane gari? A gidanmu kaɗai magidanta nawa ke noma gona ɗaya, kuma wayar gidan guda ce.

Gidanmu gandu ne. Baba shi ne babba, ga ƙanenshi Baffa Gide, ga 'ya'yansu maza da matansu. Da safe kowa na babbar gona, abin da ta ba da a zuba rumbu ɗaya, daga nan gida duka ke ci. Da yamma kowa ya nufi gayaunarshi, 'yar gonarshi ta kanshi, ya nemi na sabulu da na cefane. Haka kakanmu ya bar gidan, kuma haka rabin gidajen Pauwa suke. Na je na shimfiɗa wa Alhaji wannan dalla-dalla. Na ce dole manhaja ta san akwai gandu, ta san girmanshi, ta san waya ɗaya na iya zama ta mutum goma.

Ya ce, "Duk wannan a kashi na biyu."

Ya Allah! Duk abin da ke da amfani a kashi na biyu yake. Abin da ke kashi na ɗaya kuwa shi ne hoton Babban Baƙo ya fito da zarar an kunna. Mako guda cur muka kashe a kan hoton nan, yau a ƙara mashi girma, gobe a canza launin hula, jibi a sa taken hukuma ya riƙa juyawa. A makon nan na so in sa gargaɗi, yadda in aka shigar da lambar waya sau biyu na'ura za ta yi magana. Alhaji ya ce in bari. Don haka sai ta riƙa karɓar sunan farko ta watsar da sauran shiru, mai rubutawa bai sani ba, manomi bai sani ba. Gwaji kuwa ko sau ɗaya ba a yi ba. In wani zai tambaye ni me ya hana ni ajiye aikin tun lokacin, amsata ita ce na ɗauka in ina ciki zan iya toshe wata ɓarakar, kuma na toshe da yawa, sai dai manyan an hana ni taɓa su.

Aka watsa samari da kwamfutocin hannu cikin ƙauyuka su rubuta manoma. Da suka zo gidanmu suka tambayi Baba lambar waya. Baba bai taɓa riƙe waya ba. Baffa Gide ne mai ita, don shi ke zuwa kasuwa sayar da hatsin gida. Baba ya ce a rubuta ta Gide, ai gida ɗaya ne. Yaron ya tambayi sunan mai wayar, ya buga Gide, ya rufe kwamfuta ya wuce gida na gaba.

Da na ji haka, ranar Juma'a na hau mota na tafi gida. An yi ruwan shuka, kowa ya binne masara. Kowace shekara a irin wannan lokaci Baba kan fitar da dawa daga rumbu a sayar a sayo taki, don ƙasarmu ta saba da shi, in ba a ba ta ba ba ta ba ka komai. Bana na tarar ba a fitar da ko tiya ba.

Na same su a zaure shi da Baffa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Ni ce 'yar fari, don haka tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma yi mani magana kai tsaye. A ɗakin Inna Lauratu, matar Baffa, aka yaye ni, can na girma. In Baba na da magana da ni, ta bakin Baffa take bi, ko da kuwa ina zaune a gabanshi.

Na ce, "Baffa, a gaya wa Baba a sayi taki a kasuwa kamar kullum. Kada a jira na na'ura."

Baffa ya ce, "Yaya, ka ji."

Baba yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ya ce, "Gide, tambayi waccan, wa ya yi na'urar?"

"Ni ce da wani, Baba. Shi ya sa nake faɗa. Ba a yi ta daidai ba. Ko ta yi aiki buhu biyu za ta ba gidan nan, kuma ban san yaushe ba."

"Gide, gaya mata na faɗa a ƙofar masallaci cewa kowa shi kwantar da hankalinshi, bana taki ta hannun ɗiyar gidan nan zai fito. In aka gan ni a kasuwa ina ciniki, mi za a ce? A ce ko ubanta bai yarda da aikinta ba?"

Baffa ya gyara zama. "Yaya, mu sayi ko rabi ne. Ni zan tahi da kaina in kawo da asuba, ba mai gani."

"A Pauwa? Ba mai gani?" Baba ya buga ƙotar da ƙasa. "Ba a saya. Yarinya ta yi karatu, ta yi aiki, a bari a ga aikinta."

Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa ce mani sannu da ƙoƙari ba, ashe yabon da ya tara mani na shekara da shekaru a nan zai zuba shi, a kan gonar da ke ciyar da gida duka. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce wallahi Baba abin nan rubabbe ne. Ya ce wa Baffa kunya ce ke sa ni faɗin haka, ɗa na gari ba ya yabon kanshi. Na fito zauren nan raina kamar ya fashe, ban san da wa zan yi faɗa ba, da shi ko da Alhaji.

A Faskari aka yi ƙaddamarwa. Rumfuna, makaɗa, shinkafa da kaji, jerin motoci har bakin titi. Aka kawo wani dattijo aka sa mashi sabuwar riga, aka ba shi waya ya riƙe. Babban Baƙo ya danna maɓalli a kwamfuta, wayar dattijo ta yi ƙara, wuri ya kaure da tafi. Ni ina tsaye bayan rumfa, ina kallon Harisu ya tsuguna kusa da janareto yana tura saƙon da wayarshi ta aljihu, don manhajar ta ƙi tashi tun safe. Ya ɗago muka haɗa ido. Na ce, "Allah ya isa, Harisu." Ya ce shi umarni aka ba shi.

Daga nan aka shiga abin da nake gudu. Taki ya iso sito-sito, amma saƙonni suka riƙa fita kamar ɗigon famfon da ya lalace. Ƙauyen da mutum talatin suka ba da lambar mai shagon caji, mutum ɗaya ya samu, sauran na'ura ta ce ba ta san su ba. Saƙon kuma da Turanci, don Alhaji ya ce ya fi kwarjini. Ga doka an kafa: mai sito ba zai saki buhu ba sai kwamfuta ta tabbatar da saƙon, ita kuwa ba ta tabbatarwa sai da sabis.

Aka tura ni Sabuwa in je in gyara. In gyara me? Na tarar da mutane cike da filin sito, wasu sun kwana biyu a wurin sun bar noman firi, ana yayyafi a kansu. Mai sito ya hau saman tirela ya ɗaga kwamfuta sama da hannu biyu yana neman sabis, taki na ƙarƙashin tamfol yana shan danshi yana dunƙulewa. Wani tsoho ya kama gefen mayafina ya ce, "Ɗiyata, ga takin nan ina ganinshi da idona, ga ni, ga kuɗina. Mi ya rage?" 

Na tako har inda waya ke kamawa na kira Alhaji. Yana Abuja. Na ce a ajiye na'ura, a kira masu unguwanni, kowa ya nuna mutanenshi a raba da hannu kafin lokaci ya wuce.

Ya ce, "Ke kina da hankali? Hukuma so take ta ga na'ura ce ta raba. In aka raba da hannu mi muka yi ke nan?"

"Alhaji, masara ba ta jiran rahoto!"

"Ki kwantar da hankalinki, ki gyara abin da aka tura ki." Ya kashe waya.

Ina can ina fama, masarar gidanmu ta kai gwiwa ta fara ja daga ganyen ƙasa. Na ce to, ni zan saya da albashina, in ya so Baba ya yi fushi. Na zagaya kasuwanni, babu. 'Yan kasuwa da ma ba su saro da yawa ba bana, don sun ji na'ura za ta ba kowa, ɗan abin da suka kawo kuma an wawashe shi da mutane suka farga. Na bar sallahu wurin wani direba ya nemo mani daga Funtuwa.

Ana haka saƙo ya shigo wayar Baffa Gide. Buhu biyu, da sunanshi. Ya yi yini biyu a layin siton Ƙanƙara, ya ɗauro su a babur ya kawo gida. Abin da ya biyo baya Inna Lauratu ce ta kira ni da wayar ta faɗa mani, tana magana ƙasa-ƙasa.

Baba ya ce a kai gandu a barbaɗa ko'ina. Baffa ya ce buhu biyu a gandu kamar a jefa gishiri a tafki ne, gara a zaɓi gefe ɗaya a zuba a tsira da wani abu. Baba ya ce gandu ba shi da gefe, kuma sauran na tafe, na'urar ba za ta manta da su ba. Baffa ya ce, "Yaya, ita da ta yi na'urar ta gaya maka da bakinta." Baba ya ce magana ta ƙare.

Da ma 'ya'yan Baffa sun cika sun batse. Suka tsare ubansu suka ce, kai ka ce a saya aka ƙi, kai ka yi layi, sunanka ne a saƙo, yanzu kuma a watsar da shi a banza kowa ya rasa? Inna Lauratu ta ce ta roƙe su har da hawaye. Da gari ya waye, kafin a fita gandu, Baffa da 'ya'yanshi sun kwashe buhunan nan sun zuba a gayaunarshi.

Na ce, "Inna, Baba mi ya ce?"

Ta ce, "Bai ce komai ba, Suwaiba. Ya ɗauki fartanya ya tahi gona. Ni shirun nan ne ke ba ni tsoro."

Takin Funtuwa ya iso bayan masara ta riga ta fitar da kai. Na kai, aka zuba don kada a ce ba a zuba ba, amma ihu ne bayan hari. Abin haushi, gayaunar Baffa a bakin hanyar gandu take. Duk wanda zai wuce sai ya ga masararshi kore shar da goyo bibbiyu, ya ɗaga ido ya hango ta gandu tsaye ja, siririya, wata ko goyon babu. Safe da yamma Baba ta nan yake bi. Mutanen da suka ji maganarshi a ƙofar masallaci suka ƙi sayen taki, su ma ta nan suke bi, kuma ba su fasa yi mashi sannu da aiki ba, irin sannun da gara zagi.

Da aka fara girbi Alhaji ya dawo ya tara mu. Ya yi ƙiba. Ya ce an yaba da aiki ƙwarai, sai dai za a rubuta a rahoto cewa manoma na buƙatar wayar da kai, kuma kamfanonin waya ba su ba da haɗin kai ba. Ya ce in tsara rahoton tunda na fi iya Turanci.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Manoma ne ke buƙatar wayar da kai? Su suka buga ƙyalle kafin a rubuta layi ɗaya? Su suka kashe mako a kan hular Babban Baƙo? Wata guda na roƙe ka, Alhaji. Wata guda! Ka hana ni, ka cinye wa mutane shekara. Ko kwalbati za ka gina ai sai ka je ka duba inda ruwa ke bi kafin ka zuba siminti!"

Harisu ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Ai ko nan ba ya zuwa dubawa."

Alhaji ya ce mu fita mu duka biyu. Na ajiye mashi makullin ofis a kan tebur, na ce Allah ya saka wa mutanen Sabuwa da Faskari da na garinmu, na fito. Ban ji sanyi ba ko kaɗan. Na nufi tasha.

Ban samu zuwa gida ba sai bayan an gama kai amfani. Tun daga bakin hanya na jiyo ƙarar diga. Na ƙaraso na ga 'ya'yan Baffa suna fasa katangar gidanmu ta gabas, katangar da kakanmu ya gina, suna fitar da sabuwar ƙofa. Suka gan ni suka kau da kai. Na shiga ta zaure, sai na ci karo da zana sabuwa fil an kafa ta daga bakin rijiya har bayan gida, ta raba tsakar gidan biyu. Ɗakin da na girma a cikinshi yana wancan ɓangaren.

Inna Lauratu ta leƙo ta saman zanar, idonta ya kumbura. Ta ce abin da gandu ya ba da bai kai rabin rumbu ba. Baffa ya aiko da masararshi a zuba tare, har sau biyu, Baba ya mayar. Ya ce abin da aka noma da sunan mutum nashi ne. Daga nan Baba ya kira mai unguwa da liman da dattawa, aka ɗauki igiya aka je aka raba gandu, aka kafa duwatsu. Ta ce Baffa kuka ya yi ta yi kamar ƙaramin yaro a gaban mutane, Baba ko kallonshi bai yi ba.

Ta ce, "Ki shigo ki ci tuwo mana." Sai kuma ta tuna, ta ce, "Sai dai ki zagayo ta waje."

Na koma zaure. Baba na zaune shi kaɗai a kan buzu, ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Na durƙusa na gaishe shi. Na zo da maganganu cike da baki, na faɗa da na ban haƙuri, na ce zan gaya mashi ai na faɗa, na faɗa, na faɗa. Da na ga fuskarshi sai na fasa.

 Can ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar ƙaramar waya sabuwa, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Ya riƙe ta a juye, ya ajiye a ƙasa, ya turo ta gabana da ɗan yatsa. Bango yake kallo da ya yi magana.

"Na sayar da ɗan akuya na sayo. An ce sai kowa da tashi wayar." Diga na ta bugawa a waje. "Yanzu Gide na da gonarshi da wayarshi, ni ma ina da gonata da wayata. Mun zama yadda na'urar ke so. In an zo rubutun baɗi, a duba mani, za ta karɓe ni?"

Ban iya gaya mashi an riga an rufe ofishin ba, an kwashe kwamfutocin. Na ɗauki wayar da hannu biyu na kunna mashi, na ce, "Za a duba, Baba."